Ƙololuwar Shinkafar da Na Miƙa wa Yaya

Shekarun baya na je Umara, kuma in za a bi gaskiya ba Umarar kaɗai ta kai ni ba, Allah ya yafe mini. Ina da 'ya a Makka, 'yar farina, wadda rabona da in sa ta a ido tun ba ta san damanta da hagunta ba.

Ni da mahaifinta mun je Hajji muna da ƙuruciya, muka zauna, kamar yadda mutanenmu da yawa suka yi a wancan lokacin. A can na haife ta, a can mahaifinta ya rasu. Ba ni da iƙama, wato takardar zama, ina dai ɗan tuƙa tuwo ina sayar wa alhazai a wani lungu a unguwar Jarwal. Wata rana da hantsi aka yi kame, aka cika mota da mu, daga ni sai zanen jikina da takalmi ƙafa ɗaya. Yarinya tana gidan yayata, wadda ke auren ɗan ƙasa, irin Hausawan nan da kakanninsu suka zo tun zamanin tafiyar ƙafa. Haka aka sauke ni a Kano hannu rabbana. Da ƙura ta lafa manya suka zauna suka ce a bar ta can, gabanta zai fi kyau a hannun Yaya. Ban ce a'a ba, don ba a tambaye ni ba. Na sake aure, na haifi ƙannenta, shekaru suka yi ta tafiya.

Da wayar salula ta shigo mukan gaisa. Amma gaisuwar ba ta wuce lafiya lau, ya zafi, ya mutanen gida. Hausarta a karye take, rabi Larabci, ni kuma ɗan Larabcin kasuwar da na taɓa iyawa ya gudu ya bar ni. Ta yi aure ban je ba. Mijin ɗan Jawa ne, don a Makka duk wanda asalinsa Indunusiya ne Jawa ake ce masa, ko da ba nan ne garinsu ba. Shi haifaffen Makka ne, mahaifiyarsa ce ta fito daga wani tsibiri da ake kira Bali. To da Allah ya hore mini kujerar Umara, abu ɗaya na ƙulla a zuciyata: kafin in dawo, yarinyar nan ta san tana da uwa, ta san ba yar da ita na yi ba.

Na tarar da Jarwal ba yadda na bar ta ba. Lungun da nake ajiye tukunyata ya zama otal mai hawa kan hawa, ko ƙofar ban gane ba. Yaya ta tsufa, ciwon suga ya cinye ta, mijinta ya rasu, amma bakin nan nata yana nan yadda na san shi. Tana ganina ta ce ashe har yanzu ina tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai.

A ɗakinta yarinyar ta zo ta same ni. Doguwa, da goshin mahaifinta sak. Ta jefar da jaka ta faɗo jikina, tana sumbatar kaina da hannuwana irin yadda Larabawa suke yi, tana kuka. Ni kuwa na sandare kamar turmi. Ku da kuka tashi a gidajenmu na da kun san 'yar fari ba a rungumarta a gaban mutane, ba a ma faɗin sunanta. Mahaifiyarmu har ta koma ga Allah ba wanda ya taɓa jin sunan babban wanmu a bakinta, kuma duk gidan mun san shi ne ranta. Sai na ɗan bubbuga bayanta, na dubi Yaya na ce, "Yaya, 'yar taki ta girma." Na ji hannuwanta sun saki a hankali. Na ɗauka rungumar ce ta ƙare.

Kafin ta tafi ta ce ranar Alhamis bayan Azahar za mu je gidanta a unguwar Ka'akiyya, za ta yi mini abincin dangin mijinta, kuma da hannunta za ta dafa. Ta maimaita wannan, da hannunta. Na ce Allah ya kai mu.

Ranar Yaya ta hana ni karyawa, shayi kawai ta ba ni, wai kada in je da cikakken ciki in ba ta kunya. A mota tana ta tsokanata, in shirya harshena don Jawa ba sa wasa da barkono, kuma duk abin da na gani a faranti kada in tambayi sunansa, in yi bismilla kawai. Na ce ni da na tashi da yajin daddawa, wane barkono ne zai ba ni tsoro. Muna ta dariya har muka isa.

Gidan bene ne, tun daga matakala ƙamshi ya tare mu. Wata 'yar tsohuwa ƙarama ta fito ta kama hannuna da hannu biyu tana sunkuyawa, tana murmushi har idonta na rufewa. Ita ce uwar mijin. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata, sai muka yi ta gyaɗa wa juna kai kamar ƙadangaru. A falo na tarar da mata cike, 'yan'uwan mijin da gwaggonninsa, duk sun sha ado. Na zauna a gefen Yaya ina jira a ce mu shige ɗakin ciki. Ba wanda ya ce. A nan tsakiyar falon aka shimfiɗa sufura, ledar nan da suke cin abinci a kai, sai ga surukina ya shigo ya zauna a cikinmu, da yake shi kaɗai ne namiji kuma duk danginsa ne. Na ja mayafi na rufe rabin fuska.

Sai aka fara shigo da abinci. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin an yi wa shinkafa irin wannan gata ba. An shimfiɗa ganyen ayaba a kan wani ƙaton faranti, aka gina shinkafa rawaya a tsakiya ta yi tsini sama kamar jinkar rumbu, sumul, ba ƙwayar da ta kauce. Daga baya na ji sunanta tumfen, da ruwan kwakwa da kurkum ake dafa ta. A gindinta an kewaye ta da abubuwa iri-iri. Akwai kaza guda da aka cusa wa kayan ƙamshi aka naɗe a ganye, ta dahu har ƙashin yana zarewa da kansa, wannan aka ce girkin garin tsohuwar ne. Akwai kifi da aka daka da kwakwa, aka mulmula shi a jikin karan ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da muke jefawa a shayi, aka gasa. Ga wasu 'yan tsire ƙanana da miyar gyaɗa mai kauri. Ga wani abu kamar awara amma kana ganin ƙwayar waken a ciki, an soya shi ya yi ja. Ga koren wake da kankararriyar kwakwa. Sai wani haɗi na ɗanyar albasa da barkono da mai, sambal suke ce masa, yana da ɗan wari irin na daddawa, wanda tun daga nesa ya sa yawuna ya tsinke. Cikina ya yi ƙara har na ji tsoron ko an ji.

'Yata tana tsaye a ƙofar kicin, fuskarta na ƙyalli da zafin wuta, tana goge hannu a jikin rigarta. Ni take kallo.

Tsohuwar ta ɗaga hannu ta yi addu'a, muka shafa. Sai surukina ya ɗauki cokali ya yanke ƙololuwar shinkafar nan, ya ɗora a wani ɗan faranti, ya tsinko kaɗan-kaɗan daga kowane abu ya jera a gefe. Kowa a falon na murmushi. Ya taso a kan gwiwoyinsa ya ratso har gabana, ya miƙo da hannu biyu, kansa a ƙasa, ya ce, "Tafaddali, ya Ummi," wato bismilla, Mama.

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. A garinmu suruki daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa, ke kuma ki amsa daga bayan ƙyaure. Ko ruwa ban taɓa ganin suruka ta sha a gaban mijin 'yarta ba, balle 'yar fari. Ga shi nan gwiwarsa ta kusa taɓa tawa, ga dangi sun zuba ido a ga na buɗe baki na tauna. Na karɓa dai, don ba a barin hannun mutum a miƙe. Sai dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauka ta fi kowace kyau. Na juya na ajiye farantin a gaban Yaya na ce, "Ga uwar 'ya nan. Ita ta sha wahalarta, ita za ta ci."

Har wani ɗan daɗi na ji a raina, na ce yau na nuna wa baƙi mu ma mun san kara. Yaya ta mintsine ni a cinya ta ce ƙasa-ƙasa, "Ke, ɗauki ki ci." Na ce na ƙoshi, alhamdu lillahi.

Ɗaya daga cikin gwaggonnin ta tambaya me na ce. Ba wanda zai fassara sai Yaya ko 'yata, Yaya kuwa ta yi kamar ba ta ji ba. Daga ƙofar kicin 'yata ta mayar musu da maganata cikin Larabci, muryarta a miƙe, ba hawa ba sauka. Ta gama ta juya ta shige.

Aka ci abinci. Ba hira, sai ƙarar cokali. Tsohuwar nan ba ta gaji ba, ta turo mini kazar, ta turo kifin, tana nuna bakinta tana cewa "kuli, kuli", ni kuma ina dafa ƙirji ina cewa alhamdu lillahi. A zuciyata ina jiran abin da na sani: in an watse za a zuba mini nawa a kwano a rufe, a kai mini ɗakin ciki, in ci in sha in yi gyatsa ba mai ganina, sannan in kira yarinyar in sa mata albarka. Har na tsara da kifin zan fara. Ina kallo aka rushe shinkafar nan ta gefe-gefe har ta zama fili. 'Yata ba ta zauna ba, tana shiga tana fita da kwanuka. Aka naɗe sufura, aka kawo shayi, aka yi La'asar. Ba kwano, ba ɗakin ciki. Da za mu tafi ta rako mu bakin matakala, ta miƙo mini hannu muka gaisa kamar maƙwabta.

Muka kama hanyar gida. Sai da muka shiga ɗaki ta cire abaya ta zauna tana haki, sannan ta ce na ɗauko Kano a kaina na kai ta har Ka'akiyya. Na ce me na yi, ai girmama ta na yi, na girmama surukin kuma. Ta ce to wa ya ji? Ta ce wannan ƙololuwar ba abinci ba ce kawai, a wurinsu wanda ya fi kowa daraja a taron ake ba wa, kuma a gidan nan kullum tsohuwar ake ba. Yarinyar ce ta roƙa a ba ni. Tun jajibiri take tsaye a kicin, tsohuwar na zaune a kujera tana nuna mata, don ba ta taɓa yin kazar nan ita kaɗai ba. Ganyen ayabar ma sai da aka zaga shagunan Jawa kafin a samu.

Na ce to ai ita Bahaushiya ce, ta san kunya. Yaya ta ce, "A ina za ta san ta? Ni na raine ta, ni kuwa ba 'yar farina ba ce, sunanta nake kira tun safe har dare. Ƙawayenta Larabawa ne, uwa ta rungume 'yarta a titi. Ke kika san kunya, ita abin da ta gani uwarta ta ture abincinta ta ce ga uwarta can." Sannan ta ce ita ma da laifinta, zaman Makka ya sa ta manta mu har yanzu muna wannan abin, da ta gargaɗe ni tun a mota maimakon zancen barkono. Ta ce ta cinye abin da ke farantin ne don kada a bar shi a ƙasa, amma har yanzu yana nan tsaye a wuyanta.

Da yammar nan busasshen tamis na ci da shayi, burodin nan nasu mai faɗi. Ni da aka yi wa kaza guda.

Kwanakin da suka biyo baya na yi ta kira, wayar na shiga ba a ɗauka. In Yaya ta kira da tata sai ta ɗauka ta ce tana da aiki, ko kanta na ciwo. Kullum sai in tafi Harami in yi ɗawafi in nemi gefe in zauna. Addu'o'in da na taho da su daga gida, na 'ya'ya da na maƙwabta da suka ba ni saƙo, duk suka tsaya, ba abin da ke fita sai guda ɗaya. Matan Indunusiya suna wucewa ta gabana a jere, 'yan ƙanana, kaya iri ɗaya, kowace ta riƙe gefen mayafin ta gabanta. Wata rana a harabar waje na ga wasu sun buɗe 'yar robar shinkafa, wata matashiya tana ba tsohuwarta a baki da hannu, tsohuwar na buɗewa ba ko nauyi. Na daɗe ina kallonsu har sai da na ga sun lura, na kawar da kai. Ranar tafiyata kuwa sai matsowa take.

Wanda ya zo surukina ne. Ina jin sallamarsa na faɗa bayan labule, Yaya tana cewa dubi wannan, an sake. Ya zauna a bakin ƙofa, Yaya na fassara mini, ya ce ya zo ba da haƙuri ne. Mahaifiyarsa ta kasa sukuni, tana tambaya ko warin sambal ne ya dame ni, ko na ɗauka akwai abin da bai halatta ba a ciki, don ta san ana faɗin mutanen tsibirinsu yawanci ba Musulmi ba ne, amma su gidansu Musulmi ne tun kakanni. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, a ce baiwar Allah nan tana can tana zargin kanta.

Yaya ta zauna ta warware masa kunyar suruki da kunyar ɗan fari cikin Larabci, ina ji daga bayan labule tana yi tana haɗawa da ba'a. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, wato duk wannan gudun da ake yi masa girma ne? Yaya ta ce babba ma. Ya ce su ma suna da irin nasu, a wurin kakarsa ba ka isa ka tsaya kanka ya fi nata tsawo ba, da rarrafe ake wucewa. Ya ce ya gane sarai, mahaifiyarsa ma za ta gane. Sai Yaya ta tambaye shi matar tasa fa. Ya ce zai faɗa mata, amma kada mu sa rai da yawa, don tun ranar ba ta ƙara ɗora tukunya ba.

Ka ji ikon Allah. Bare da ya fito daga wata uwa duniya ya fahimce ni a zama ɗaya, wadda na ɗauka wata tara a cikina kuwa ba hanya.

Ana gobe za mu tashi na ce wa Yaya zan je Ka'akiyya ni kaɗai. Ta sa ni a mota ta yi wa direba kwatance. Da hantsi na isa. 'Yata ce ta buɗe ƙofa, ba ado, idonta a kumbure. Muka gaisa, na zauna a falon nan da yanzu ya zama fili fetal. Duk maganar da na shirya a hanya ta watse. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yunwa nake ji."

Ta dube ni ta ce ba ta yi girki ba. Ta leƙa ciki ta yi wa mijin magana, ya fito ya gaishe ni ya sauka, wai zai sayo a gidan abincin Jawa da ke bakin titi. Muka rage mu biyu.

Na fara yi mata bayani, yadda mahaifiyarmu take yi da wanmu, yadda ake cewa ɗan da aka fi so shi ake ɓoyewa. Ta bari na gama. Sannan ta yi magana a hankali, tana laluben kalmomin Hausa ɗaya-ɗaya. Ta ce ranar aurenta dangin mijin sun tambaya ina uwarta, aka ce tana Najeriya. Da ta yi ɓari ta kwanta asibiti suka sake tambaya, aka ce tana Najeriya. Akwai gwaggon da ta taɓa cewa a gabanta, uwar da ke da rai ba ta barin 'ya haka. Shi ya sa ta tara su duka ranar, har da waccan gwaggon, don su gani da idonsu.

"Mijina ya faɗa min, Inna," ta ce. "Na ji, al'ada ce. Amma ni ban san kunya ba, ba wanda ya zauna ya koya min. Wadda za ta koya min ba ta nan. Ni abin da na sani, na dafa, kin ba wata. Kuma ni na fassara musu da bakina."

Na so in kira sunanta, wallahi na so, ya zo har kan harshena. Shekara da shekaru ban furta shi ba sai a sujada, ya ƙi fita. Na miƙa hannu na dafa gwiwarta. Ba ta ture ba, ba ta kuma dafa nawa ba.

Mijin ya dawo da leda. Farar shinkafa ce a robar nan ta sayarwa, da wani nama baƙi da aka dafa da kwakwa har ya tsotse, da sambal a ƙulle a 'yar leda. Ya ajiye zai shige ciki don ya ba ni wuri, na ce wa 'yata ta gaya masa ya zauna. Ya zauna yana kallon bango, bawan Allah, shi ya koma jin kunyar. Na sauke mayafina, na wanke hannu, na yi bismilla. Ban san yadda lomar farko ta wuce ba, ji nake kamar ina wanka a kasuwa. Na ci a gaban surukina, na cinye tas har na suɗe hannu. Naman da daɗi, ba zan yi ƙarya ba, barkonon kuma Yaya ta yi gaskiya. 'Yata tana zaune ta harɗe hannu tana kallona, ba ta ci ba. Da na ƙware ta tashi ta zubo mini ruwa, ta tsaya har na shanye, ta karɓi kofin. Iyakar abin da na samu ke nan, kuma na gode wa Allah da shi.

Washegari ita da mijin suka raka ni wurin motar da za ta kai mu Jidda. Ta ba ni leda da dabino da turare da atamfar ƙannenta. Ta sumbaci goshina sau ɗaya. Na ce Allah ya yi mata albarka, na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji, ta ce amin.

Yanzu shekaru sun wuce. Yaya ta rasu, tsohuwar nan mai murmushi ma ta rasu, Allah ya jiƙansu. Ni da 'yata ba gaba a tsakaninmu. Tana kira da Sallah da azumi, in ba ni da lafiya ta aiko da magani, ta haihu ta turo mini hotuna. Muna gaisawa lafiya lau, ya zafi, ya yara. Wani lokaci har mu ɗan yi dariya in ta karya wata kalmar. Amma akwai inda hirar take kaiwa ta tsaya, ni na san wurin, ita ma ta sani, sai mu yi sallama.

Na sha juya abin nan a raina, har yau ban iya cewa ga mai laifi ba. Abin da aka koya mini na yi, da zuciya ɗaya, ita ma abin da ta sani ta yi. Na dai gane kunya ma yare ce. In wanda kike yi wa ba ya jin ta, to shiru kawai ya ji, kuma shiru kowa da fassarar da yake yi masa. Ban yar da tawa ba, tsufa ya yi nisa da a sake hali. Sai dai da autata ta yi aure nan Kano, mijinta ya kawo mini tsire, na buɗe a gabansa na ɗauki yanka na ci. Maƙwabta suka yi ta zancen wai Hajiya ta je Makka ta baro kunyarta can. Na bar su, don ba su yi ƙarya sosai ba.

Gwiwoyina yanzu ko masallacin unguwa da ƙyar suke kai ni, ban sa ran sake ganin Ka'akiyya ba. Duk wanda ya je daga danginmu takan kira shi gida ta yi masa girki, su dawo suna ba ni labarin kazar nan ta cikin ganye, wai tun da tsohuwar ta rasu duk dangin mijin ba mai yin ta kamar ita. Nakan ce ma sha Allah, in tambaye su yaya ɗanɗanonta yake, su yi ta kwatanta mini.